Tsami a gida: yadda mai koyo zai fara da kindirmo, kunun zaki da lemon citta

A ƙasar da zafin rana ke kai wa digiri 40 a watan Afrilu, ba a roƙon abu ya yi tsami. Kunun da aka dama da hantsi a Sakkwato ko Maraɗi, in aka manta da shi a kan dakali, kafin la'asar ya soma canja baki. Don haka babban aikin mai koyo a wurinmu shi ne ya san wace ƙwayar halitta mai sa tsami yake ciyarwa, awa nawa zai ba ta, da yadda zai taka mata burki kafin ta wuce gona da iri. Yawancin bayanan da ke yawo a intanet an rubuta su ne a inda ɗakin girki ke zama a digiri 20 zuwa 22. In sun ce a bar abu kwana uku, a Kano da bazara kwana ɗaya ma ya yi yawa. Da uwargida nake magana a nan, amma gwauro da ɗalibi duk hanyar ɗaya ce.

Su wa ke aikin

Halittu iri biyu ne ke juya abin sha, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. Na farko bakteriyar tsami. Tana cin sukarin da ke cikin madara ko hatsi, ta mayar da shi asid ɗin laktik, shi ne tsamin nan mai daɗi na kindirmo da kamu da kunun zaki. Masanin Faransa Louis Pasteur ne ya nuna a 1857 cewa mai rai ne ke wannan aikin, ko da yake matan Fulani sun daɗe suna kiwonta a ƙwarya tun kafin a haife shi. Na biyu yis, wanda ke kumbura ƙullun burodi da na waina. Shi in ya ci sukari abu biyu yake haifarwa tare, gas da barasa. Da shi ake burukutu da fito.

Duka biyun suna nan a bayan ƙwayar gero, a fatar citta, a jikin ƙwarya da hannunki. In aka bar abu ya yi tsami da kansa, bakteriya ce ke shiga gaba a sa'o'in farko, yis yana biye. Muddin akwai sukari da yawa kuma aka ba shi lokaci, zai cim mata ya wuce.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba: funfuna da ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa. Tsami ne ke korar yawancinsu. Masana abinci suna auna shi da ma'aunin pH, kuma in abu ya sauka ƙasa da 4.6 mafi yawan miyagun ƙwayoyi ba sa iya yaɗuwa a ciki. Kindirmon da ya kama yana wajen 4.5 ne ko ƙasa. Wato haɗarin yana cikin sa'o'in farko, lokacin da abin ke da ɗumi da zaƙi amma tsami bai sauka ba tukuna. Amfanin zuba iri ke nan, ɗan abin da ya riga ya yi tsami mai kyau. Kamar gidan biki ne: in 'yan gida suka riga suka cika tabarma, ɗan gayyar soɗi ba ya samun wurin zama.

Kaya da ruwa

Ba sai kin sayi komai mai tsada ba. Kwalba mai faɗin baki guda uku masu girma ɗaya (tsofaffin kwalaben Bama sun wadatar), babbar roba mai murfi wadda aka yi don abinci, mataci ko ƙyallen tata mai laushi, muciya, ludayi, tawul mai kauri, sai littafi da biro. In kin samu ma'aunin zafi na girki, madalla. In babu, akwai dabara, za mu zo kanta.

Ƙwarya tana yin kindirmo mai ƙamshi saboda iri yana maƙalewa a jikinta daga wannan zubi zuwa wancan, shi ya sa masu nono ba sa haɗa ƙwaryar nono da wani aiki. Amma mai koyo ta fara da kwalba, don tana ganin abin da ke faruwa a ciki. A dafa a tukunyar alminiyam babu laifi, sai dai kada abu mai tsami ya kwana a cikinta, tsami yana cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano. Bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko man inji ba su da wurin zama a wannan aiki, komai wankin da aka yi musu.

Ki wanke komai da sabulu, ki ɗauraye har santsi ya fita, sannan ki kwarara tafasasshen ruwa. Kwalba sai kin fara ɗumama ta da ruwan ɗumi, in ba haka ba ta tsage. Ki kife su bushe da kansu, kada ki bi su da tsumman kicin. Duk ruwan da zai shiga abin shan bayan an sauke daga wuta a tafasa shi ya huce, na famfo ne, na rijiya ne ko na burtsatse.

Gwaji na farko: kindirmo

Da shi ya kamata a fara, domin yana nuna sakamako a yini ɗaya kuma kina da iko da kusan komai.

Ki samu madarar shanu lita ɗaya, ta safiyar ranar. Ki tace, ki ɗora a wuta kina juyawa har ta tafasa, ki rage wuta ta ƙara minti biyar. Wannan tafasar ba ta da makawa. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar nan mai sa saniya ɓari, wadda in ta kama mutum take zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ban da haka, madarar da ta ji wuta sosai ta fi kamawa da kauri. In madarar gari ce a hannunki, kofi ɗaya na gari a kofi uku na tafasasshen ruwa yana ba da kindirmo mai jiki.

Ki sauke ki bar ta ta huce zuwa digiri 42 zuwa 45. Ba ma'auni? Wanke hannu da sabulu, tsoma ɗan ƙaramin yatsa. In kin iya ƙirga goma a natse kina jin ɗumi sosai amma ba ƙuna, ta yi. In kin fizge yatsa tun a biyar, ƙara jira. Yawancin kindirmon masu koyo da ke ƙin kamawa a nan yake mutuwa, an zuba iri a madara mai zafi an dafa shi.

Iri cokali biyu na cin abinci ya ishi lita ɗaya. Ki nemi kindirmo mai kyau na ranar daga mai nonon da kika yarda da ita, wanda ba a sirka da ruwa ko garin 'ya'yan kuka ba, ko yogot marar sukari daga firij. Irin yogot ɗin kwali da ke zama wata da watanni a kan kanta ba tare da sanyi ba an riga an kashe ƙwayoyinsa da zafi, ba zai yi miki komai ba. Kada kuma ki ce bari in ƙara iri don ya fi kyau. Iri mai yawa yana sa ya yi gudaji-gudaji, tsami ya yi kaifi.

Ki dama irin a ludayi ɗaya na madarar har ya saki, ki juye a sauran, ki juya sau biyu ko uku, ki zuba a kwalba ki rufe. Naɗe da tawul, sa a kula ko a lungun da ba a taɓawa. Daga nan sai haƙuri: kada a girgiza, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Da bazara awa 4 zuwa 6 ya isa. Da hunturu, lokacin da daren Kano ke sauka wajen digiri 13 zuwa 15, na Jos kuma ya fi haka sanyi, yana kai awa 8 zuwa 12, kuma sai kin taimaka masa da gorar ruwan zafi a cikin kular, ko ki yi shi a fulas mai faɗin baki.

Yadda za ki gane ya yi: ki ɗan karkata kwalbar. In ya rabu da gefen gilashi a dunƙule, jiki ɗaya, yana rawa kaɗan, ya kama. Ɗan ruwa mai ɗorawa-ɗorawa a sama ba lalacewa ba ne, alama ce ya ɗan zarce lokaci ko ɗumin ya yi yawa. Ki tsiyaye ko ki juya shi ciki. Nan take ki kai shi sanyi. Kafin kowa ya sa cokali, ki ɗebi irin zubi na gaba a ƙaramar kwalba mai tsabta. Yana kai mako a firij. In kika ga bayan zubi da yawa ya fara rauni ko ƙamshinsa ya sauya, nemo sabo.

In bayan awa 12 yana nan ruwa tsululu, ɗayan uku ne: zafi ya kashe irin, ko irin dama matacce ne, ko saniyar tana kan allurar kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke fita a nono ta hana shi kamawa. In ya yi yauƙi yana jan zare, yawanci ɗumi ne bai isa ba ko wata ƙwaya ta shiga. In yana cizon harshe da gas, yis ya shiga. A duka waɗannan kada ki ɗebi iri daga ciki.

Gwaji na biyu: kunun zaki

Nan ne aikin ya fi daɗi, domin abu biyu ke faruwa a roba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya: sitaci ya koma sukari, sannan wani ɓangare na sukarin ya koma tsami. Wadda ta fahimci wannan ba ta ƙara yin kunun zaki da ka.

Ki fara da kaɗan. Gero gwangwanin madara huɗu, dankalin Hausa matsakaici guda biyu ko busasshensa cikin tafin hannu biyu, citta, kanumfari, masoro, da ɗan barkono in gidan na so. Wannan zai ba ki wajen lita huɗu, gwargwadon kaurin da kike so.

Ki tsince geron, ki rege tsakuwa, ki wanke har ruwan ya yi haske. Ki shinshina shi tun yana busasshe. Hatsin da ke warin rumbu ko ya yi funfuna a mayar wa mai shi, domin dafin da funfuna ke bari a hatsi yana lahanta hanta, kuma tafasa ko tsami ba sa kawar da shi. Ki jiƙa geron awa 8 zuwa 12. Dawa ta fi tauri, tana son kusan yini da kwana, kuma a canja mata ruwa sau ɗaya a tsakani. Da zafi kada jiƙon ya zarce haka, in ba so kike kunun ya fito da warin da kayan ƙamshi ba za su rufe ba.

Ki tsame, ki ɗauraye, ki haɗa da kayan ƙamshi a kai markaɗe. Abin da ake yawan sakaci da shi ke nan: injin unguwa ya markaɗa tattasai da wake da gyaɗa tun asuba, kuma ruwan da ke durom ɗin mai inji ba ki san daga ina yake ba. Ki aika da ruwanki, ki ce a ɗauraye injin kafin a zuba naki. Dankalin a fere shi a markaɗa daban, ko a bari sai ƙarshe a markaɗa shi da kashi ɗaya cikin uku na geron.

Yanzu ki raba ƙullun uku. Kashi ɗaya, wanda aka markaɗa da dankali ko kika haɗa da markaɗaɗɗen dankalin, ki rufe ki ajiye gefe ɗanye. Kashi biyun ki zuba a babbar roba, ki sassauta da ɗan ruwa kamar za ki dama koko. Ki tafasa ruwa lita biyu da rabi zuwa uku, yana kan tafasa sosai ki sheƙa shi a kai gaba ɗaya kina juyawa da muciya da sauri. Zai yi kauri, launinsa ya ɗan yi duhu, ya yi sheƙi. In ya tsaya fari tsululu, ruwan bai tafasa sosai ba. Ki juye a tukunya ki ɗora a wuta kina juyawa har ya kama.

Sai jira, kuma wannan jiran shi ne zuciyar kunun zaki. A cikin ɗanyen dankali akwai sinadarin da masana ke kira amilez, wanda ke yanyanka dafaffen sitaci ya mayar da shi sukari. Yana aiki sosai a wajen digiri 55 zuwa 65, tafasasshen zafi kuwa yana kashe shi. Don haka ki riƙa juya dafaffen kashin lokaci-lokaci har tururi ya ragu sosai, ki iya dafa tafin hannu a jikin robar ki daɗe, amma yatsa ba zai iya zama a ciki ba. A nan ne za ki juye ɗanyen kashin, ki juya har ƙasa.

Ki tsaya ki kalli abin da zai faru. Da farko in kika soka muciya a tsakiya za ta tsaya cak. Bayan minti 15 zuwa 30 za ki ga ta fara karkata, sannan ta kwanta a bakin roba. Ki ɗaga ta: ƙullun da ɗazu ke faɗowa guda-guda yanzu yana tsiyaya. Ki ɗanɗana, za ki ji zaƙi alhali ba ki sa ko ƙwayar sukari ba. In awa ɗaya ta wuce bai tsinke ba, kin zuba da zafi ya yi yawa. Ki markaɗa wani ɗanyen dankali ki ƙara tun da sauran ɗumi.

Wasu da tsiro suke yi a maimakon dankali, ko su haɗa biyun, kuma tsiro ya fi ƙarfin tsinka ƙullu. Yin sa ba wuya: a jiƙa dawa ko shanshera ta kwana, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu, a rufe da wani, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana biyu zuwa uku za ta tsiro, sai a shanya ta bushe ƙarau. Ga dawa akwai sharaɗi: bayan ta bushe a murje saiwar da tohon, a sheƙe su tas. Ɗanyen tohon dawa yana da guba, ita ce dai wadda ke sa makiyaya hana shanu shiga gyauron dawa.

Da ƙullu ya tsinke, ki rufe da ƙyalle mai tsabta ko ki ɗora murfi sakwa-sakwa, ki ajiye a inuwa. Da bazara awa 6 zuwa 8, da hunturu ya kwana, awa 10 zuwa 12. Daga awa ta huɗu ki fara ɗanɗanawa duk bayan awa biyu, da cokali mai tsabta kowane karo. Abin da kike nema shi ne lokacin da tsami ya shigo amma bai danne zaƙi ba. Da kin ji shi ki tace, ki daidaita kauri da tafasasshen ruwan da ya huce. Dusar ta kaji ce da awaki.

Sukari kuwa ki bar shi sai a kofin da za a sha, ko a abin da kika tabbata zai ƙare cikin 'yan awoyi. Zuba sukari a dukan roba a bar ta a zafi gayyatar yis ce, shi ya sa gorunan kunun talla ke kumbura da yamma, a buɗe su yi tsit.

Yadda ake gwaji a koyi wani abu

Kwalabe ukun nan ga amfaninsu. Duk zubin da kika yi, ki raba shi uku ki canja abu ɗaya tak a tsakaninsu. Yau lokaci: ki tace na farko a awa 6, na biyu a awa 9, na uku a awa 12. Wani zubin iri: ɗaya ba komai, ɗaya da cokali biyu na ruwan tsamin da ke kwanciya a kan kamu, ɗaya da cokali biyu na kunun jiya da ya kwana a firij. Wani zubin kuma hatsi: gero zalla, dawa zalla, rabi da rabi. In kika canja hatsi da lokaci da yawan dankali duk a zubi ɗaya, ko ya yi daɗi ba za ki san wanne ya kawo daɗin ba.

Ki manna takarda a jikin kowace kwalba, ki rubuta a littafi: wata da rana, ƙarfe nawa aka haɗa, yanayin gari, awo, da abin da baki ya ji. Layin yanayin gari ya fi kowanne amfani, domin awon da ya yi daidai a Janairu zai ba ki kunya a Afrilu. Ki ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da kin gaya musu wanne ne wanne ba. Yara sun fi manya amfani a nan, ba su iya kara ba.

Tsayar da shi

Sanyin firij ba ya kashe ƙwayoyin nan, rage musu gudu kawai yake yi. Kunun zaki a firij mai samun wuta yana kai kwana biyu zuwa uku, kindirmo wajen mako. In wuta ta ɗauke ta yini, lissafin ya rushe, ki ɗanɗana kafin ki ba kowa. Inda babu firij, a yi daidai abin da za a shanye a ranar. Ƙanƙara a kula tana taimakawa, haka jiƙaƙƙen buhu a jikin randa, haka dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Tana aiki sosai da rani lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta kaɗan ne. Ga abin sha mai tsami, 'yan awoyi take ƙara miki, kada ki dogara da ita ki ajiye kunu kwana biyu.

Hanya ta biyu wuta ce. Bayan tata, ki ɗora kunun a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi zafi sosai yana tururi, ki sauke kafin ya tafasa, ki zuba a goruna masu tsabta. Wannan yana kashe yawancin ƙwayoyin. Zai ƙara kauri saboda ɗanyen sitacin da ya rage, kuma ɗanɗanon yana ɗan sauyawa, sai ki gwada a kwalba ɗaya ki gani ko ya yi miki.

Iyakar da ba a tsallakewa

Ga Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma tsohuwa ce. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a bayar ko a zubar. Masu sharhin hadisin sun bayyana cewa abin lura shi ne ko abin ya fara canzawa zuwa mai sa maye, don haka kwana ukun ba lasisi ba ne ga wanda ke zaune a zafin Damagaram. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne.

Lissafin a sauƙaƙe: in yis ya cinye sukari giram 17 a lita ɗaya, yana samar da barasa wajen kashi 1 cikin 100. Cokalin cin abinci na sukari wajen giram 12 ne. Lemon da aka zuba wa cokali takwas a lita, aka bar yis ya gama da shi, zai kusanci kashi 6 cikin 100, wato ƙarfin giyar kwalba. Alamomin ba sa ɓuya: kumfa na tasowa daga ƙasa, gora na tauri, ƙamshin ƙullun burodi da ke rikiɗewa zuwa wari mai hawa hanci, zaƙi kuma yana ɓacewa. In kunu ya kai nan, a zubar.

Gwaji na uku: lemon citta mai gas

Na bar shi ƙarshe da gangan, domin shi yawancinsa aikin yis ne. Duk ƙwayar gas da kika gani a ciki, an haife ta ne tare da ɗan barasa. In an tsayar da shi da wuri abin kaɗan ne ƙwarai, amma ba ki da hanyar auna shi a kicin. A ganina wadda ba ta da firij mai aminci kada ta fara, wadda kuma zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta, ko ta dafa citta mai ƙarfi ta sirka da ruwan soda na kwalba, ta huta.

Ga wadda za ta gwada: ɗanyar citta ake so da fatarta, irin wadda ake nomawa a Kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kwoi da Kafanchan. Busasshiya ba ta cika tashi ba. A kwalba ki zuba kofi biyu na tafasasshen ruwan da ya huce, cokali ɗaya na gurzajjiyar citta, cokali ɗaya na sukari, ki ɗaure bakin da ƙyalle. Kullum ki ƙara cokali ɗaya na kowanne ki juya. Da zafi cikin kwana biyu zuwa uku za ki ga ƙananan kumfa a gefe, in kin kara kunne ki ji yana ƙara siririya. Irin ya tashi.

Ki dafa citta a lita ɗaya na ruwa, ki sa sukari cokali huɗu, ki tace, ki matse lemon tsami ɗaya, ki bari ya huce sarai. Ki tace rubu'in kofi na irin ki zuba. Ki ɗura a gorar roba ta lemon kwalba, ki bar sarari kamar faɗin yatsa uku a sama, ki ɗaure murfi. Kwalbar gilashi haramiyarki ce a nan, tana fashewa ta watsa gilashi a fuska. Duk bayan awa biyu ki matsa gorar. Da ta yi tauri ta daina lotsawa, wanda da bazara kan faru cikin awa 8 zuwa 12, ki kai ta firij nan take, a shanye a ranar ko washegari. Wajen buɗewa ki kawar da fuska, ki murɗa a hankali gas ya fita kaɗan-kaɗan.

Abin da ake zubarwa, da abin da ba a tsamarwa

Funfuna kowace iri, fara mai gashi-gashi, koriya, baƙa ko ruwan hoda, hukuncinta ɗaya: a zubar da duka, ba a kwashe sama a sha ƙasa, domin a abu mai ruwa dafin ya riga ya bazu. Haka warin ruɓa, ɗaci, ko yauƙi a kunu. Ki fi tsanantawa in mai ciki ce za ta sha, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, ko marar lafiya. Kwalbar da abu ya lalace a ciki a wanke ta, a tafasa ta kafin ta koma aiki.

Abin sha biyu kuma ki cire su daga gwajin nan gaba ɗaya. Zoɓo da tsaminsa ya zo daga gona, ba ya buƙatar ƙari. In aka sa masa sukari da ɓawon abarba aka bar shi a zafi, yis ne kawai zai samu abinci, kuma kin san inda hanyar ta nufa. Kunun aya shi kuma ba shi da tsamin da zai kare shi, ga maiƙo ga zaƙin dabino da kwakwa, don haka da zafi cikin 'yan awoyi yake juyawa, kuma juyawarsa lalacewa ce. Shi ana tacewa ne a sa a ƙanƙara nan take, a yi daidai bakin da ke gida.